Ranar Da Na Zaunar Da Likita Da Mai Kemis Kan Tabarma Ɗaya

Tsufa ya fara ɗauke mini abubuwa. Nakan nemi carbi alhali yana wuyana, nakan kira jika da sunan ubansa. Amma akwai rana guda da na tabbata ko haƙoran bakina sun ƙare ba za ta fita raina ba, wato ranar da na yi wa manyan masu ilimi biyu dabara, na zaunar da su kan tabarma ɗaya a zauren gidanmu. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Surukata ce ke rubuta abin da nake faɗi, kuma na gaya mata in ta gama za ta karanta mini, kada ta sa gishirin da ban sa ba.

Ni haifaffiyar Maradun ce, aure ya kawo ni Bakura. Maigidana, Malam, manomin shinkafa ne damina da rani. Shekara uku kafin wannan abu aka gano yana da hawan jini. Ciwon ba baƙo ba ne a gidansu. Wansa ya yi shi, ya yi wasa da magani, wata safiya aka tarar ɓarin jikinsa ya shanye, ya shekara biyu kwance sai an juya shi kafin Allah ya karɓi abinsa. Da idona na ga wannan jinya. Don haka ranar da aka ce Malam ya kamu, ranar na karɓi mulkin magani a gidan, ba tare da na nemi izinin kowa ba.

Ba na karatu, amma ina da ido. Maganin farar ƙwaya ce 'yar ƙarama, ina ajiye ta cikin tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin gadona. Kowace safiya in ya sha koko zan miƙa masa guda, in tsaya a kansa har sai na ga maƙogwaronsa ya motsa, sannan in ce, "Buɗe baki in gani." Dattijo mai furfura, mai jikoki, ya buɗe. Ya sha yin ƙorafi cewa ko soja bai kai ni ba. Ban taɓa musa masa ba.

Ina da wata doka kuma. Tun zuwansa asibiti na farko an ce ya zo bai ci komai ba, za a ɗebi jininsa. Ni kuwa in aka faɗa mini magana sau ɗaya, ta zauna ke nan. Daga ranar, duk ranar asibiti ba koko, tunda kuma ba a shan magani da wofin ciki, ba magani. Haka yake hawa babur da sassafe ya tafi Talata Mafara, sau ɗaya a wata.

In kwalin farar ƙwaya ya ƙare, ba a asibiti yake karɓo wani ba. Sai ya sa kwalin a aljihu ya kai wa mai kemis na garinmu ya ce, "Irin wanga." Mai kemis ɗin ba irin masu shagon da ke haɗa magani da sabulu da biskit ba ne. Karatun magani ya yi har jami'a. Bafulatani ne, ɗan ƙawata, ni na fara yi masa wanka ranar da aka haife shi, don haka duk farar rigarsa ba ta hana ni ce masa yaro. Yana da injin awon jini a kan teburinsa, duk sadda Malam ya biya bayan azahar sai ya auna shi, ya rubuta a wani ɗan littafi.

Ana nan sai aka kawo sabon likita a asibitin da Malam ke zuwa, dogo, mai zane a fuska irin na Barebari. Malam ya kai masa kukan ƙafafunsa na kumbura. Likita ya rubuta masa wata ƙwaya ruwan ɗorawa, aka ba shi nan tagar asibiti. To, akwai abin da ya kamata ku sani game da Malam. Kunnensa ya daɗe da yin nauyi, amma gara a yanka shi da ya yarda. Duk abin da babban mutum ya faɗa masa, ya ji ko bai ji ba, amsarsa ɗaya ce: "To, likita." Da ya dawo gida ya miƙo mini sabon kwali ya ce, "An ƙara mani magani." Na jefa cikin gwangwani. Daga ranar ya zama fara ɗaya, ruwan ɗorawa ɗaya, buɗe baki in gani.

Ba a yi wata ba jiri ya fara. In ya ɗago daga sujada sai ya dafa bango. Mai kemis ya auna shi ya ce, "Baba, jininka ya yi ƙasa, ka koma wurin likita." Ya koma, ba koko ba magani kamar kullum. Likita ya auna ya ce jini yana sama, a riƙa shan ruwan ɗorawa biyu. Na ƙara. Na dai lura da cewa ranar asibiti garau yake dawowa, har da tsarabar rake, amma na ɗauka ganin likita ne ke yi masa daɗi.

Wata Lahadi da hantsi, lokacin noman rani, ya sunkuya yana buɗe wa shinkafa ruwa. Miƙewar da zai yi sai duniya ta juya masa, ya faɗa ta fuska cikin magudana. Ruwan ko gwiwa bai kai ba, amma wanda ya suma ko a kwano aka kifa shi ya isa. Allah ya sa maƙwabcin gonarsa na kusa, ya fizgo shi. A amalanke aka kawo mini shi, gemu duk laka. Matan unguwa suka cika gida, wannan ta ce iska ce, waccan ta ce an yi masa ajiya a gona. Na ce musu wace irin iska ce mai ladabi haka, da ba ta taɓa shi sai ta jira ya gama karin kumallo?

Washegari bayan ya sha maganinsa na aika aka kira mai kemis. Ya auna, ya ɓata fuska. Sai na juye masa gwangwanin a gabansa. Ya ɗauki kwalin ruwan ɗorawa ya juya shi.

"Inna, wanga fa, wa ya ba shi?"

"Likita."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Ai da shi da farar aiki ɗaya suke yi, saukar da jini. Ba a faɗa mani ba. A ajiye wanga sabon har ya ga likita."

Na ce ga waya a aljihunsa, ya kira likitan mana. Ya yi wata dariya marar daɗi ya ce ba shi da lambarsa, kuma ko yana da ita ba zai kira ba. Wai ya taɓa kiran wani likita a kan takardar da ya ga kuskure cikinta, aka tambaye shi, shi ne likitan ko wanda ya rubuta? Tun daga ranar ya kama kansa. "Su gani suke mu 'yan tireda ne, Inna."

Ranar Talata, ranar kasuwa, mota ba wuya, na ɗauki Malam da gwangwani muka tafi Mafara, ba koko ba magani. Likita ya auna ya ce jini na sama. Na juye gwangwani. Yana ganin farar ƙwaya ya dafe kai.

"Mama, wannan ai na ce a daina ta tuntuni. Wa ke ba shi?"

"Mai kemis."

"Na sani. Su ke ɓata mana aiki. A kai musu kwali su miƙo, ba tambaya. A zubar da farar, a ci gaba da biyun nan."

Na ce mai kemis ya ce jinin ƙasa ya yi. Ya ce injinsa ne ya lalace. Na ce ya kira shi su yi magana. Ya nuna mini layin mutane a bakin ƙofa ya ce in duba in gani ko yana da lokacin bin shaguna.

Muka dawo gida da umarni biyu, kowane na kore ɗan'uwansa. Mai kemis ya ce a ajiye ruwan ɗorawa, likita ya ce a zubar da fara. Ina zaune da gwangwani a cinya ina tunanin na wa zan bi, sai Malam ya yanke hukuncinsa. Laraba da safe na miƙa masa, ya kau da kai.

"Na gama. Masu ilimin ma ba su san na gaskiya ba, ni za a yi ta gwaji a kaina? Ba ni ƙara haɗiye ƙwaya sai ranar da bakinsu ya zo ɗaya."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira sunan wansa. Ko gezau. Shekara arba'in da ɗoriya ina tare da shi, na san in ya yi irin wannan murya an rufe ƙofa. Ranar na kasa cin abinci. Ina kallonsa yana alwala, ina ganin wansa kwance ana goge masa baki.

Ina tsintar wake da la'asar dabara ta zo mini. Likita Babarbare, mai kemis Bafulatani. Kowa ya san tsakanin Fulani da Barebari wasa ne tun kakanni. Kowane na kiran ɗayan bawansa, kuma duk abin da suka faɗa wa juna ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, wanda aka tsokana bai rama ba shi ma ya faɗi. Girman kai ya hana su magana a matsayin likita da mai kemis. To, bari in ga ko zai hana su a matsayin abokan wasa.

Alhamis da safe na ja mayafi na shiga kemis da fuskar mai kawo saƙo.

"Likitan nan ya ba ni sallahu. Ashe Babarbare ne. Ya ce a gaishe mashi da bawansa. Ya ce Bafulatani awon nono ya gada, ba awon jini ba. In ka musa, wai ka zo da injin naka gidanmu Asabar bayan azahar, a gwada da nashi."

Yaron nan ya ajiye abin da ke hannunsa. Na ga bakinsa na son yin murmushi yana hana shi.

"Babarbare ne? Inna, mi ya sa ba ki faɗa mani tun farko ba? Ki ce mashi ubangidansa na nan tafe."

Daga nan na wuce tasha. A asibiti na zauna kan benci har mutum na ƙarshe ya fito, sannan na leƙa.

"Mama, lafiya? Ina Baba?"

"Yana gida. Aiko ni anka yi. Mai kemis ɗin nan Bafulatani ne. Ya ce in gaya ma bawansa Babarbare, injin asibiti ne ke ƙarya. Wai in kana musu ka zo Bakura Asabar bayan azahar, amma ya san ba ka zuwa, don bawa ba ya son haɗa ido da ubangidansa."

Mutumin da ba shi da lokacin bin shaguna ya jingina da kujera ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Bafulatani ne ya aiko mini da wannan? Kwatanta mini gidan."

A mota na yi istigfari tun daga Mafara har Bakura. Amma ban fasa ba.

Asabar na sa aka share zaure, aka shimfiɗa tabarma guda ɗaya tak, babba. Da gangan na hana a fito da kujera, don kada wani ya zauna sama da wani. Na dama fura da nono mai kyau, na jera magungunan kan faifai, na fito da katin asibiti. Malam ya zauna ya ɗaure fuska, kwana biyar ke nan ba ƙwaya a cikinsa. Ni kuma na zauna bakin ƙofar cikin gida, inda nake ganin kowa.

Likita ya riga isowa da motarsa, mai kemis ya biyo baya a babur. Aka yi gaisuwa doguwa, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, kowa na satar kallon kowa. Da aka gama likita ya gyara zama.

"Kai ne bawan nawa da ke aiko mini da rashin kunya?"

"Ni na aika? Kai ka fara. Da ma an yi maka zanen nan ne don kada ka ɓace mana a kasuwa."

"Ni na fara? Ni da ban san kai Bafulatani ne ba sai shekaranjiya?"

Suka dubi juna, sannan suka juyo gaba ɗaya suka dube ni. Na ce, "Furar nan in ta jima tsami take yi. Ku sha."

Sai da suka yi dariya mai isarsu, sannan kowa ya fito da injinsa. Likita ya ɗaura a hannun Malam, ya karanta. Mai kemis ya ɗaura nasa a hannun dai, ya karanta. Injin biyu suka faɗi magana ɗaya: jini yana sama, sama ƙwarai. Dariya ta ɗauke. Ba injin da ya lalace ke nan. Mai kemis ya buɗe ɗan littafinsa, likita ya buɗe kati, suka haɗa kai suna bi da yatsa. Na littafi duk ƙasa, na kati duk sama, mutum kuma ɗaya.

Likita ya dubi Malam ya ce a hankali, "Baba, ranar da na ba ka sabon nan, ban ce ka daina farar ba?"

Malam ya ce, "To, likita."

Ya sake tambaya. Malam ya sake cewa, "To, likita."

Na ce, "Kunnen nan ya daɗe da ajiye aiki. Ko cewa ka yi za ka sayar da gonarsa, amsar ke nan."

Nan fa na sami fili. Na ce wa likita, ka faɗa wa kurma magana ka ɗauka ta iso gida, ba ka rubuta wa mai ba shi magani ko layi ɗaya ba. Na juya ga mai kemis na ce, kai kuma yaro, ana miƙo maka kwali kana miƙo magani, ka ga jini na sauka ba ka tambayi me aka ƙara ba. Kowannenku ya riƙe rabin tsoho yana rantsuwa shi ke da shi duka, tsohon kuma yana cikin magudana. Suka sunkuyar da kai kamar yaran da aka kama da satar gyaɗa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin wannan lokaci ƙwarai.

Ina cikin jin daɗin mai kemis ya ɗago.

"Amma likita, har yanzu da saura. Yana shan biyu, to mi ke sa ka gan shi sama?"

Likita ya yi ɗan tunani ya ce, "Mama, ranar da zai zo asibiti, ƙarfe nawa yake shan maganinsa?"

Na ce da ƙarfina, "Ranar asibiti ba koko ba magani. Haka anka ce."

"Wa ya ce?"

"Asibiti. Tun zuwan farko."

Likita ya rufe ido. Mai kemis ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Ashe wancan umarni na rana ɗaya ne, don ɗibar jini. Ni kuwa na shekara uku ina tura mutum ba magani a cikinsa, ga yunwa, ga jijjigar babur, ga tsayuwar layi, likita ya auna ya ga sama ya ƙara ƙwaya, ni kuma in dawo in ɗura masa duka in ce buɗe baki in gani.

Malam, wanda bai ji tambaya biyu da aka yi masa a gaban hancinsa ba, ya gyara hula ya ce, "Wanga kam na ji shi sarai."

Tarkon da na ɗana wa mutum biyu ya kama uku, har da mai shi.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokacin shan kwanon fura ba. Likita ya tambayi mai kemis ra'ayinsa, da bakinsa, a gabana. Suka tsaya a kan a bar farar tunda ita ke kumbura ƙafa, a koma ruwan ɗorawa guda ɗaya. Mai kemis zai riƙa auna shi sau biyu a mako ya tura wa likita ta waya. Duk sadda likita ya canza magani zai rubuta a takarda, da wanda aka fara da wanda aka daina, a kai kemis. Suka karɓi lambar juna. Na ga kowa ya sa wa ɗan'uwansa suna a waya, surukata ta karanta mini daga baya a ta mai kemis: Bawana.

Likita ya matsa kusa da kunnen Malam ya ɗaga murya ya ce, "Baba, bakinmu ya zo ɗaya." Mai kemis ya ɓare ƙwaya ya miƙa masa. Ya dube su, ya dube ni, ya jefa baki ya kora da fura. Ban ce ya buɗe baki ba. Ranar ba ni da bakin cewa.

Shekaru sun wuce. Jiri bai dawo ba, Malam na nan, ga shi can gindin darbejiya yana jin abin da ya ga dama. Ba mu kaɗai muka amfana ba. Tsofaffin garin nan masu hawan jini da ciwon suga da yawa yanzu a kemis ake auna su, in an ga abin da ba a gane ba a kira Mafara. Na sha shiga in tarar yana waya yana cewa, "Kai Babarbare, saurara ubangidanka na magana," sannan su koma zancen mara lafiya kamar ba su ba. Maganar ƙaryata kuwa na kai wa Malam, ya ce ta sulhu ce, Allah na yafewa, amma kada in mai da ita sana'a.

Abin da na koya shi ne, ba ilimi ne ya yi wa mutanen nan ƙaranci ba, sanin juna ne. Wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, da sauƙi ka ce injinsa ya lalace. In kun sha fura a kwano ɗaya, kiransa ba ya yi maka nauyi, gyaransa kuma ba ya yi maka zafi. Mara lafiya ba ya rabuwa biyu, don haka masu riƙe da shi dole su yi magana, kuma su tambayi ta uku, wadda gwangwani ke hannunta. Ita ma ta ukun ta riƙa tambaya, don mai sa ido a kan kowa shi ya fi buƙatar a duba shi. Yanzu ranar asibiti ni ke riga kowa tashi in dama koko, kuma kullum sai Malam ya karɓi kwanon ya dube ni ya ce, "Haka anka ce?"